Gida Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Takardar tana kan teburin falo tun kafin Auta ta dawo daga jami'a. Baba ya danne ta da gidan tabaransa, kamar mai tsoron kada ta tashi ta gudu.

Daga bakin ƙofa ta gane ta. Irin takardun da ajinsu ya cika ne wata biyu da suka wuce, shafi huɗu, tambarin sashensu a sama, na ƙungiyar da ta ɗauki nauyin binciken a ƙasa. Auta tana shekarar ƙarshe a fannin raya ƙasashe da tattalin arziki. An raba 'yan ajin unguwannin bayan gari, suka bi gida-gida suna tambayar mutane abin da suka mallaka, da sau nawa suke girki, da inda suke ɗebo ruwa. Da amsoshin ɗalibai za su rubuta kundin kammala karatu. Da su kuma ƙungiyar za ta zaɓi layuka uku mafiya talauci ta haƙa musu rijiyar burtsatse.

Mazaunin irin wannan takarda kabad ne mai makulli a ofishin sashe. Ba ta da abin yi a falon Baba.

Goggo, ƙanwar Baba, ta baje a kujerar da marigayiya Umma take zama. Ɗanta yana gefe ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Dangi suna kiransa Dakta, ko da yake digirin da zai ba shi sunan shekara shida ke nan yana hanya. Shi ne mai kula da ɗaliban da suka fita binciken. Shi ne kuma ya nemi auren Auta har sau biyu, sau biyu tana gaya masa yayanta ta ɗauke shi.

Baba bai amsa gaisuwarta ba. Ya turo takardar da yatsa ɗaya.

"Karanta. Ki ɗaga murya, kunnena ya fara nauyi."

Ta karanta. Gida mai lamba arba'in da bakwai. Mai amsawa mace ce, shekara hamsin da takwas, mijinta ya rasu. Firji, babu. Talabijin, babu. Ana ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Babban ɗa, shekara talatin da ɗaya, sana'a, babu. A ƙasa an dangwala yatsa.

Ta ce ba ta san gidan ba. Takardun bincike ba sa ɗauke da suna, kuma ba ita ta yi wannan layin ba.

Goggo ta gyara mayafi. "Ai za ki san shi ranar da aka kai ki. Gidan su mai waldar naki ne, 'yar nan. Gida na ƙarshe a bayan tsohon kamfanin sabulu, mai shuɗiyar ƙofa. Injiniya ko? Injiniyan zaman banza."

Auta ce take kiransa Injiniya, da wasa, tun ranar da ya zo gyaran ƙarafunan tagar ɗakin karatu shekara biyu da suka wuce. Ya gaya wa Baba da bakinsa cewa yana da shagon walda, da ma'aikata uku, da motar ɗaukar kaya. A kan wannan maganar Baba ya yarda kawunnansa su zo ranar Asabar a yi zancen aure, bayan wata takwas ana jan ƙafa. Yau Laraba ce.

Dakta ya yi gyaran murya. Ya ce shi dai bai so a kai ga haka ba, amma jini ya fi ƙarfin doka, ba zai ga ƙanwarsa za ta faɗa rami ya naɗe hannu ba. Ya ce mutane da yawa suna yawo da makullin shagon da ba nasu ba. Ya tambayi Auta ko ta taɓa lura da cewa sunan da ke allon shagon ba na Injiniyan ba ne.

Ta lura. Injiniya ya taɓa ce mata sunan mahaifinsa ne, ta kuma yarda. Sai yanzu ta tuna sau biyu kacal ta je shagon, kuma duka biyun shi ya zaɓi ranar.

Baba ya yi shekara talatin da huɗu a ɗakin ajiye fayil na asibiti. Ya fito daga can da ciwon baya, da imanin cewa mutane suna ƙarya amma takarda ba ta yi. Ya taɓa kai ƙarar amininsa a rubuce saboda ya sauya ranar haihuwa a fayil. Ya zubar da hawaye ranar da aka kori mutumin, amma bai janye takardar ba.

Ya ce shi bai ƙi talaka ba, shi ma da riga biyu ya auri Umma. Abin da ba zai ba 'yarsa ba shi ne mutumin da ya zauna a kujerarsa, ya sha ruwansa, ya kalli ƙwayar idonsa ya shirga masa ƙarya.

Auta ta ce wataƙila kuskure ne daga wanda ya cika takardar.

Sai Dakta ya yi wani irin kirki da ba ta san shi da shi ba. Ya ce ai akwai hanya. Dokar bincike ta ce a koma gida ɗaya cikin kowane goma a sake tambaya, don a tantance amsoshin farko. Gobe ake farawa. Zai sa gida mai lamba arba'in da bakwai a jerin Auta, ta je da kanta ta gani. Tsohuwar ba ta taɓa ganinta ba, za ta ɗauke ta ɗaliba kamar kowa.

Baba ya gyaɗa kai. "Ki kawo min a rubuce, da sa hannunki. In an yi masa ƙazafi, ranar Asabar tana nan. In takardar nan gaskiya ce, kada na sake jin sunansa a gidan nan."

Auta ta dubi Dakta. Dokar da ta ce a koma, ita ta hana a tura ɗalibi gidan wanda ya sani. Ya san da haka, shi yake karanta musu ita. Ba ta taɓa ganin ya karya doka don amfanin wani ba.

Ta shiga ɗakinta ta kira Injiniya. Ana jin ƙarar ƙarfe a bayansa, amma ƙarar ƙarfe ba ta nuna mai shago. Ya tambaye ta ko an gama raya ƙasashen ne aka tuna da shi. Ta yi dariyar dole, ta ja hira, sannan kamar da wasa ta tambaye shi ko suna da firji a gida.

Ya ce in amarya tana son firji za ta samu, in tana son biyu zai ƙera mata na biyun da hannunsa.

Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Ta ce ta ji 'yan ajinsu sun shiga layinsu, ko yana nan lokacin.

Ya ce shi ba ya gida, harkar mata ce, Inna ce ta amsa. Sai ya ce ga wani ya zo karɓar ƙofa, zai kira ta anjima. Mutumin da yake iya yin awa guda yana ba ta labarin ƙusa, yau ya kashe waya a minti uku.

Bai kira ba. Ita ma ba ta nema ba.

Da hantsi washegari ta sauka daga bas a bakin babban titi, sanye da rigar masu bincike, allon rubutu a hannu. Titin layi huɗu ne, manyan motoci suna wucewa ba sassauci. A tsallaken akwai famfo da dogon layin jarkoki. Mata suna ɗauko ruwa a ka, su tsaya a tsakiyar titi kan ɗan siririn dakali, iskar motoci tana kaɗa zannuwansu, su jira sarari su ruga.

Layin bayan kamfanin sabulu ya tarbe ta da wata irin natsuwa. Wata mata da ke shara ta hango rigar, ta ajiye tsintsiya ta shige gida. Kiɗan rediyo da ke tashi a wani gida ya mutu. Kafin Auta ta kai tsakiyar layin, ta ga an ja wani babur an shigar da shi lungu an rufa masa buhu.

A aji an koya mata sunan wannan ɓoye-ɓoyen dukiya da Turanci, har ta ci maki tara cikin goma a kansa. Ba a gaya mata yana da sauri haka ba.

Shuɗiyar ƙofar ƙarfe ce mai kauri, ɗinkin waldarta sumul kamar an goge da yatsa. Ta ƙwanƙwasa. Matar da ta buɗe doguwa ce, siririya, da tsohon zane da ya koɗe. 'Yan layin suna kiranta Uwar Layi. Idanunta irin na Injiniya ne, sai dai nata ba sa dariya.

Ta shimfiɗa wa Auta tabarma mai ɓulla a falo. Falon babu kujera, amma akwai sawun ƙafafun kujeru huɗu-huɗu a kan ledar ƙasa. A bango akwai wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi na sauran haske, da ƙusoshi biyu. A kusurwa an jingina katifa da tabarmi, an rufe su da zanen gado.

Auta ta karanta bayanin da doka ta ce a karanta, cewa duk abin da aka faɗa sirri ne, ba mai gani sai masu bincike. Sannan ta fara tambaya.

Tsohuwar ta amsa kamar mai karanta hadda. Firji babu. Talabijin babu, me za su kalla, yunwarsu? Tukunya sau ɗaya, ran da Allah ya hore. Da aka zo kan babban ɗa sai ta ja dogon numfashi. Ta ce yaro ne mai hankali amma duniya ta ƙi shi, yana fita da safe ya dawo da ƙura a ƙafa.

Auta tana rubutawa aka kawo wuta.

Tarin kayan nan na kusurwa ya yi wata girgiza, ya ja numfashi, ya fara gurnani a hankali. Zanen gadon yana rawa.

Babu wadda ta juya. Tsohuwar ta ce injin niƙan maƙwabta ne, bangon ne ba kauri. Auta ta ce haka ne, gine-ginen yanzu sai a hankali. Suka ci gaba har shafi na huɗu, firjin yana raka su.

Da suka kai ƙarshe, saura akwati ɗaya da mai tantancewa yake cikawa, ko amsoshi sun yi daidai da na farko ko sun saɓa, sai Uwar Layi ta miƙo hannu ta dafa allon.

"Ajiye biron nan, 'yata. Da biro a hannunki ni lamba ce. Ajiye shi mu gaisa."

Auta ta ajiye.

"Tun daga ƙofa na gane ki. Hotonki yana manne a cikin motarsa, gefen madubi, har na ce masa wata rana zai kai mu rami yana kallonki. Kin fi hoton rama. Karatun ne, ko ba sa ba ki abinci?"

Ta tashi ta yaye zanen gadon, ta ture katifar. Firji ne dogo, fari, mai ƙofa biyu. Ta ɗauko gorar ruwa ta zuba a kofi ta miƙa mata.

Auta ta riƙe kofin, sanyinsa yana cizon yatsunta. Ta tambaya ko shagon nasa ne.

Tsohuwar ta ce nasa ne tun daga ƙusa har rufi. Na ubansa ne da, ya karɓe shi yana rumfa ya mayar da shi abin da yake. Kujerun suna gidan ƙanwarta, talabijin yana ƙarƙashin gado, an kwashe su tun jiya da aka ji masu riga za su dawo. Firjin ne ya fi ƙarfin ɗauka.

Auta ta gane ashe Injiniya bai yi wa Baba ƙarya ba. Ta ji kunyar kanta, sannan ta ji daɗi, har ta kai hannu ga biron. Tsohuwar ta riga ta ɗauke shi.

"Tsaya ki ji, sannan ki rubuta abin da kika ga dama."

Ta ce shekara huɗu da suka wuce wata ƙungiyar ta zo da irin waɗannan takardu. A lokacin mutanen layin kunya suka ji. Baƙi za su shigo, masu ilimi. Aka yi shara, aka ari kujeru, wanda yake girki sau ɗaya ya ce sau uku don kada maƙwabci ya ji. Ita da kanta ta ara wa gidaje biyu labule. Mutanen tsallaken titi kuwa sun fi su wayo, suka ɓoye har takalma. Famfon da Auta ta gani, shi ne sakamakon.

"Mu muka ci jarrabawar mutunci, su suka sha ruwa."

Ta ce bara maƙwabciyarta ta gida na uku ta tsallaka da jarka, da cikin wata bakwai. Ita ce ta je ta tattara takalman matar a kan kwalta, ɗaya a nan, ɗaya can gaban kamfanin. Da aka ji za a sake bincike, ta tara matan layin gida ashirin da shida a tsakar gidan nan, ta koya musu amsa ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba su buƙaci koyarwa ba, abin da suke ciki ke nan. Amma ta san in aka ga gida uku ko huɗu masu firji, lissafin zai ɗaga layin duka, marasa shi su sake biyan kuɗin mai shi. Kuma wadda ta ce kowa ya ƙasƙantar da kansa, dole nata gidan ya fi na kowa ƙasƙanci. Shi ya sa ta kashe wa ɗanta sana'a da bakinta. Ya yi kwana biyu ba ya cin abincinta, sannan ya haƙura. Ta sa shi ya yi alkawarin ba zai gaya wa Auta ba, don kada a ɗora wa yarinya kayan da ba nata ba.

Hawaye suka zubo wa Auta. Ta ce, "Inna, takardarki tana hannun mahaifina."

Ba ta yi niyyar kiranta Inna ba. Ta ba ta labarin falon jiya, da sharaɗin Baba, da Asabar.

Tsohuwar ta zauna a kan tabarmar a hankali.

"Kun ce sirri ne. Ke ma yanzu kika karanta min."

"Haka aka ce mu faɗa."

"To in kika gyara gidana kaɗai fa? Ki ce tsohuwa ce ta ruɗe."

Auta ta girgiza kai. A nan ne ta ga ramin da aka haƙa mata, duka faɗinsa. Doka ta ce in aka koma gida aka tarar da saɓani babba, ba gidan kaɗai ake cirewa ba. Layin duka ake sokewa daga jerin, a ce amsoshinsa ba abin dogaro ba ne. Mai kula da bincike ne yake sa hannu a sokewar. In ta rubuta gaskiya, Dakta zai soke layin, ya kuma sa a san cewa budurwar ɗan Uwar Layi ce ta tona. Sai ta shigo a matsayin amarya cikin gida ashirin da shida da ta hana ruwa, uwar mijinta kuma maƙaryaciya a idon Baba. In ta tabbatar da takardar, Injiniya ne maƙaryacin. Ko ta ina ta bi, Dakta yana tsaye a bakin hanyar da hannu a aljihu.

Ta yi wa tsohuwar bayani. Firjin ya yi tari ya mutu, an sake ɗauke wuta.

Tsohuwar ta tambaya ko ba za a je a sami Baban a ɓoye a gaya masa ba, ai shi ma mutum ne. Auta ta ce mutum ne, mutumin kirki ma. Zai saurara, zai tausaya, wataƙila ya yi kuka. Sannan ya sa tabarau ya rubuta wa ƙungiyar wasiƙa, don ba ya iya kwana da ƙarya a cikinsa ko da ta wani ce.

Uwar Layi ta share ido da gefen zane. Ta ɗora biron a kan allon.

"Ba zan roƙe ki ba. Ɗana ne, ina son in ga aurensa kafin ƙasa ta rufe min ido. Su kuma maƙwabtana ne, na sa su sun rantse. In na roƙe ki a kan ɗaya na ci amanar ɗaya. Ke kika yi karatun raya ƙasa. Ni ko sunana ban iya rubutawa ba."

Ta raka ta har shuɗiyar ƙofa. Akwatin nan yana nan ba a cika ba.

Auta ta tsaya a bakin titi tana jiran bas. Uku suka wuce ba ta tsayar da su ba. Ta yi tunanin ta kai ƙarar Dakta wurin Farfesa, shugaban sashensu, tunda makullin kabad biyu ne, ɗaya a aljihun Dakta. Amma Farfesa zai ce a kawo masa takardar da aka sata, ya ga lambarta, ya turo baƙin ido layin ba sanarwa. Ta yi tunanin ta jira a haƙa rijiyar sannan ta faɗa wa Baba gaskiya. Amma gaskiyar a lokacin ita ce 'yarsa ta sa hannu a kan ƙarya, kuma jami'a zai rubuta wa.

Shekara huɗu tana amsa tambayoyi kan yadda ake raba abu kaɗan ga mutane da yawa. A duk jarrabawar ba a taɓa sa sunanta cikin waɗanda za su rasa ba.

Wata mata ta tsaya a dakalin tsakiyar titi da jarka a ka da goyo a baya. Ta sa ƙafa, ta janye, ta sake sawa. Auta ba ta jira ta ga tsallakawarta ba. Ta ɗora allon a gwiwa ta cika akwatin, ta sa hannu, ta rubuta kwanan wata.

La'asar ta yi lokacin da ta shiga falo. Duka ukun suna nan, kamar ba su motsa ba tun jiya. Goggo har ta zo da saƙarta.

Baba ya sa tabarau ya bi shafukan da yatsa, layi-layi, yana gwada sabuwa da tsohuwa. Ya daɗe a kan shafi na huɗu.

"Sa hannunki ne wannan?"

"Nawa ne, Baba."

"Ba wanda ya tilasta ki?"

"Babu."

Dakta ya karɓi takardar ya duba. Wani abu ya gilma a fuskarsa, kamar wanda ya yi odar abu biyu aka kawo masa ɗaya. Ya tambaye ta cikin taushin murya ko ta duba da kyau. Ko ba ta ga wani abu a kusurwa ba, ko ba ta ji wata ƙara ba.

Ta ɗago ta dube shi. Bai taɓa cewa ya shiga gidan ba.

"Me ya kamata in ji, Yaya?"

Ya ce a'a, tambaya ce ta aiki. Ya ninke takardar ya sa a jakarsa. Goggo ta ce alhamdu lillahi da aka gane da wuri, yaran yanzu sai su ari mota su ari shago, saura su ari uwa. Ta ce ai na gida ba ya ɓoye maka komai, ta kalli ɗanta.

Baba ya cire tabarau. Idanunsa sun yi ja. Ya ce ya san abin da ta ji, kuma bai taɓa alfahari da ita kamar yau ba, da ta rubuta gaskiya alhali gaskiyar tana yankar ta. Ya ce da Umma tana raye da ta ga irin 'yar da ta haifa. Ya ce ta sanar da yaron da bakinta cewa kada kowa ya zo ranar Asabar, shi ba zai ɓata yawunsa ba.

Wannan yabon ne ya karya ta. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado tsakanin littattafanta, ta toshe baki da filo.

Wayar ta yi ƙara. Injiniya ne.

Muryarsa cike da fara'a. Ya ce ta yafe masa na jiya, alkawari ne ya ɗaure masa harshe, har ya kasa barci. Ya ce Inna ta kira shi ta ce surukarta ta zo, ta sha ruwan gidan, kuma yarinya ce mai hankali. Ba ta ƙara masa komai ba, sai kuka take yi, ya ɗauka na murna ne. Ya ce Kawu babba ya iso tun azahar, yana can yana faɗa da mai guga a kan babbar rigarsa, ƙaramin kuma ya ce sai an wanke motar sau biyu kafin ya shiga.

"Ranki ya daɗe, ƙarfe nawa Baba ya ce mu iso? Kin san shi da lokaci, ba na so mu makara ko da minti ɗaya."

Daga falo tana jin Goggo tana dariya, da ƙarar cokali a kofin shayi.

"Auta? Kina jina?"

"Ina jin ka."

"To ƙarfe nawa?"

Ta share fuska da bayan hannu.

"Ka ce wa Kawu ya bar gugar."